Mai Katifa da Bindigar da Ake Kira Bebiya

Shagonta yana can ƙarshen layin masu gyaran keke, ɗaki ɗaya mai ƙofar kwano, auduga jibge har kusa da rufi. Kowa Mai Katifa yake ce mata, har 'ya'yan cikinta idan suna neman tsokana. Sana'arta ke nan tun tana amarya: a kawo mata katifar da ta mutu, ta farke ta, ta zazzage audugar da ta dunƙule, ta yi ta dukanta da sanda har ta farfaɗo, sannan ta mayar ta ɗinke da basilla. Aikin ya ba ta damatsa irin na maza da wani tari da ba ya rabuwa da ita. Kullum da farin auduga a girarta, har ba a gane ranar da furfurar gaske ta fara fito mata ba. Ba ta da yawan surutu. Amma duk wanda ya zauna da ita ya san halinta: idan kana so ta yi abu, ce mata ba za ta iya ba.

Mahaifinta mai gadi ne a wani sito na siminti, talaka tilis. Abin da ya mallaka bai wuce keke da rediyo ba, sai wata tsohuwar bindiga da ya gada wajen kakansa. A garin akwai wasu dattawa masu sha'awar bindigogin da, sun haɗa ƙungiya, hukuma ta san da zamansu. Duk Asabar sukan haɗu a wani tsohon rami da aka daina fasa dutse a bayan gari, su jingina allo su yi ta harbi har rana ta karya. Yawancinsu masu ƙyastu ne bindigoginsu, irin waɗanda dutse ke ƙyasta ƙarfe ya ba da wuta. Ta mai gadi ta girme su duka, don ita da igiya mai ci da wuta ake tayar da ita.

Ta baki ake ɗura mata albarushi da harsashin dalma, a danna da sanda. A gefen dama akwai wani ɗan kasko kamar bakin cokali, mai murfi, inda ake zuba albarushi kaɗan, kuma daga kaskon wata 'yar kafa ta ratsa zuwa cikin bututun. Bisa kaskon akwai ƙarfe mai lanƙwasa kamar wuyan agwagwa, shi yake riƙe igiyar, wadda suke kira lagwani. In an ja kunama, wuyan ya sunkuya ya dangwala garwashin lagwanin a kasko, wuta ta bi kafar ta shiga ciki, bindiga ta tashi. Haka ya kamata a ce ana yi. Ta mai gadi kuwa sai dai ta ce fis, ta fesa masa hayaƙi a fuska, ko ma ta yi shiru gaba ɗaya. Shi ya sa 'yan ƙungiya suka sa mata suna Bebiya.

Mai Katifa ta taɓa raka shi ramin tana budurwa. Ta ga yadda ya tsaya ya gyara tsayuwa, ya kanne ido, ya ja kunama, Bebiya ta ce fis, mutane suka fashe da dariya har da masu riƙe ciki. Shi ma ya taya su dariyar. Amma a hanyar komawa gida, tana zaune a bayan kekensa, ta lura yana tuƙi kamar mai jin haushin fedar. Ba ta sake raka shi ba, ba ta kuma manta ba.

Ta haura hamsin lokacin da ya rasu. Da aka zo kwashe kayan ɗakinsa, yayanta, mai shagon kayan mota, ya jawo bindigar daga ƙarƙashin gado, naɗe cikin tsumma mai maiƙo.

"Wannan zan kai wa maƙeri ya toshe bakinta," in ji shi. "In rataye ta a falo. Ko banza za ta yi kyau a bango."

"Toshe ta za ka yi, Yaya?"

"To me? Ai dama a toshe take. Baba ya ƙare rayuwarsa ana masa dariya a kanta."

"Ba ni ita."

"Ki yi me da ita? Ki buge auduga?"

"In ma audugar zan buge, ai tawa ce."

Ya dube ta ya yi murmushin da yake yi mata tun suna yara idan ta ce za ta hau bishiya. "Ke, abin da ya gagari namiji shekara da shekaru? Ɗauki. In kin gaji kya kawo mini, ƙusar tana nan tana jira."

Ta saɓa ta a kafaɗa ta fita, ko sallama ba ta yi masa ba.

Maigidanta tsohon direban tanka ne, ciwon baya ya zaunar da shi gida. Da ya gan ta da bindiga sai ya gyara zama a kujerarsa ya ce, "Ni dai roƙona ɗaya, duk ranar da muka yi faɗa ki gaya mini inda bakinta yake kallo." Ta ce masa ya kwantar da hankalinsa, bindigar ba ta tashi. Ya ce ai shi ba bindigar yake tsoro ba.

Neman izinin hukuma ya cinye mata watanni. Duk teburin da ta je sai an tambaye ta ko ta mijinta ce, ko ɗanta ne ya aiko ta, ita kuma ta ce tata ce, a sake dubanta sama da ƙasa. Ta jure har aka ba ta. Ta ɗinka wa bindigar riga da ragowar yadin katifa mai ratsin shuɗi, ta tari tasi wata Asabar, ta nufi ramin.

Shugaban ƙungiyar wani tsohon soja ne da ake kira Saje, dogo, busasshe, muryarsa kamar ana jan tebur a kan siminti. Ya karanta takardarta, ya dubi bindigar, ya gane ta.

"'Yar mai gadi ce ke?"

"Ni ce, Baba."

"Allah ya jiƙansa. Nan ba mu da mace ba mu da namiji, doka muke da ita. Baki kullum yana kallon dutse. Lagwani nesa da gwangwanin albarushi. In kin ja kunama ba ta tashi ba, ki tsaya yadda kike, kada ki sauke, kada ki juya, sai na ce. Kin ji?"

"Na ji."

Shi ya koya mata ɗuri da hannunsa. Ta kunna ragowar lagwanin da ta samu a kayan mahaifinta, ta ɗaura a wuyan ƙarfen, ta ɗaga. Nauyin bai dame ta ba, ita da ta saba juya katifa ita kaɗai. Ta ja kunama. Wuyan ya sunkuya, ya taɓa kasko, babu ko fis.

A cikinsu akwai wani mahauci, ƙato mai bakin tsiya, wanda tun zamanin mahaifinta shi ke jan ragamar dariya. Ya ce, "Allahu akbar! Gado ya tabbata. Bebiya ta gane jinin gidan." Aka kwashe da dariya. Mai Katifa ta jira har Saje ya ba ta izini, ta sauke, ta juya ta dubi mahaucin ido cikin ido.

"Ka ci gaba da dariya, ɗan'uwana. Ka ajiye kaɗan dai, za ka buƙace ta mako mai zuwa, don ina nan dawowa."

Ta dawo, aka yi dariyar. Ta sake dawowa, aka sake.

Abin da ya fara buɗe mata ido hancinta ne. Wata safiya ta kunna guntun lagwanin a tsakar gida, ta tsuguna tana kallon yadda yake ci, sai ta ji warin leda. Ta kashe, ta murza bakin da yatsa, ta ji wani ɗan ƙulli mai tauri kamar dutsen ado. Ta warware igiyar zare-zare. Auduga ce a waje, amma cikinta zaren roba ne. Igiyar shanya ce mahaifinta yake saya a kasuwa, da yake masu saƙa ta gaske sun daɗe da ƙarewa. Robar takan narke ta rufe garwashin, sai ƙarfe ya dangwala dunƙulen roba a kan albarushi, ba wuta ba.

Ta miƙe ta ce wa maigidanta, "Auduga fa aka ce. A garin nan wa zai gaya mini auduga?"

Ta zaɓi mai dogon gashi daga buhunan shago, ta kaɗa zare da kanta, ta tufka igiya mai kaurin ƙaramin yatsa. Ta fari ta yi sako-sako, ta cinye kafin a ɗaura ta. Ta biyu ta matse ta da yawa, wutar ta shaƙe ta mutu. Da ta samu tufkar da ta yi daidai, sai wata matsalar ta fito: toka takan taru a bakin ta lulluɓe garwashin kamar hula. Ta kai kukanta ramin. Mahauci, wanda ba a taɓa tambayar abu ya ce bai sani ba, ya ce ai da sauƙi, ta jiƙa albarushi a ruwa ta tsoma igiyar, za ta ga wuta.

Ta ga wuta kuwa. Ta gwada a filin bayan shago, nesa da buhunan auduga, amma igiyar ta kama tartsatsi tana tofi ta ko'ina, iska ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta kai kan katifar wata malamar makaranta da aka shanya a kan benci. Kafin ta ankara hayaƙi ya turnuƙe. Masu gyaran keke suka yo gudu da bokitan da suke gwada tayu a ciki. Aka kashe, amma rabin katifar ya tafi. Mai Katifa ba ta tsaya dogon bayani ba. Ta je gida ta ɗauko tasu, sabuwa, wadda ta yi wa maigidanta musamman saboda bayansa, ta kai wa malamar har ƙofa ta ba ta haƙuri. Suka koma kwana a tabarma. Maigidan bai yi faɗa ba, sai dai duk safiya idan zai tashi yakan yi nishi mai tsawo ya ce, "Gaishe ki, sojan gidanmu." Wannan ya fi faɗa ci mata rai.

Labari ya kai wa yayanta. Ya zo shagon da rana tsaka, ko zama bai yi ba.

"Ina bindigar? Na zo ɗauka."

"Sannu da zuwa, Yaya. Ya iyali?"

"Kada ki raina mini hankali. Kin kusa ƙone layi guda. Mutane suna zuwa shagona suna tambayata ko ƙanwata ta taɓu. Mace da jikoki, kina yawo cikin tsofaffin banza kina warin albarushi!"

"Tsofaffin banzan nan su suka ɗauki gawar Baba, lokacin da kake waya da masu kawo maka kaya."

Jijiyar wuyansa ta tashi. Ta ci gaba da ɗinkinta, ta soka basilla ta ja zare.

"Katifar da na ƙona na biya da ta ɗakina. Kuskurena ne, ban ɗora wa kowa ba. Bindiga kuma da bakinka ka ce in ɗauka, in na gaji in kawo. Ban gaji ba."

"Za ki kashe kanki."

"In na mutu ka zo ka ɗauka. Amma ka zo da wuri, don na gaya wa yara su saka ta a gefena."

Ya fita yana faɗa shi kaɗai, har ya yi tuntuɓe da tayar keke a ƙofa.

Daga ranar ta daina gwaji kusa da shago, ta daina kuma jin shawarar mahauci. Ta tuna yadda mahaifiyarsu take tsiyaye ruwan toka ta wanke tsummokin girki, maiƙo ya fita fes. Ta ce bari ta gani ko abin da ke hana audugar ci da kyau shi ma zai fita. Ta tara tokar itace daga murhu, ta tsiyaye, ta dafa igiyar a ciki, ta ɗauraye, ta shanya a kwance a inuwa don kada ruwan ya taru a gefe ɗaya. Ta ɓata igiyoyi da yawa kafin ta gane ƙarfin ruwan da ya dace. Ranar da ta dace, ta kunna, wutar ta kama tana tafiya a hankali ba tofi ba tartsatsi, bakin ya yi tsini ja wur kamar fensir da aka feƙe. Ta busa, tokar ta faɗi, jan ya ƙara haske. Ta daɗe a tsugune tana kallonsa har ƙafarta ta yi sanyi.

Asabar ta je ramin da ƙarfin gwiwa. Ta ɗura, ta ɗaura sabon lagwani, ta ja kunama. Kasko ya kama nan take, fuu, hayaƙi ya tashi. Bindiga ba ta tashi ba.

"An samu ci gaba!" in ji mahauci. "Da bebiya ce, yanzu ta koyi atishawa."

Zuciya ta ɗebe ta. Ta manta da doka, ta sauke bindigar daga kafaɗa, ta fara juyowa don ta ba shi amsa. A daidai nan wutar da ke lallaɓawa cikin kafar ta isa. Bebiya ta yi wata irin ƙara da ba wanda ya taɓa ji daga gare ta, gindin ya doki cinyarta, dalmar ta fasa bokitin ruwan da ke ajiye taku kaɗan daga ƙafar Saje. Ruwa ya malale a ƙasa. Ba wanda ya yi dariya.

Saje ya tako a hankali ya karɓi bindigar daga hannunta.

"Me na ce miki ranar farko?"

"Ka ce kada in sauke, kada in juya."

"Da ƙafata ce fa? Da cikin wancan mai surutun ne?" Ya miƙa mata bindigar. "Ba za ki sake harbi a nan ba sai ranar da na ga dama. Wataƙila kuma ba zan ga dama ba."

"Hukuncinka daidai ne, Baba. Na yi laifi. Amma harbi ka hana ni, ba ka hana ni zuwa ba."

"Ban hana ba."

Aka ɗauka kunya za ta zaunar da ita gida. Asabar ta gaba sai ga ta, ba bindiga, da 'yar kujerarta ta shago da ƙunshin igiya. Ta zauna can gefe inda doka ta yarda a kunna wuta, tana tufka, tana kallon hannun kowa. Damina ta shigo ta same ta a nan. Ta ga yadda masu ƙyastu suke soka 'yar waya a kafa kafin kowane ɗuri. Ta ga Saje yana zuba albarushi mai laushi a kasko, dabam da mai tsakuwa da ake ɗurawa ciki, kuma ba ya cikawa, yakan bar bakin kafar a buɗe. Ta ga yadda suke ɓoye gwangwani cikin riga idan iska ta yi danshi. Ba wanda ya koya mata, ba ta kuma roƙi kowa ba. Mahauci ya gwada tsokanarta, ta ce masa, "Yi a hankali, ka san ban iya saiti ba." Bai ƙara ba.

A cikin ƙungiyar akwai maƙeri, mutum mai shiru, wanda yake gyara wa kowa bindiga. Wata rana da za a watse ya tsaya kusa da kujerarta ya ce, "Ƙanwata, kawo ta maƙera in duba. Wutar da ke jinkiri haka, akwai abin da ke tare ta."

Ta kai. Maƙerarsa rumfa ce mai baƙin rufi, ƙarafa rataye ko'ina, ƙasa duk gawayi. Ya kwance bututun daga itacen, ya ɗaga shi saitin hasken ƙofa, ya leƙa, ya yi tsaki.

"In kina so, in cire wannan wuyan da kaskon, in sa mata irin na zamani. Ba za ta sake ƙin tashi ba. Na sha gaya wa tsohonki."

"Me ya ce?"

"Ya ce a'a."

"To ni ma a'a. Ban kawo ta a canza mata hali ba. Wanda ya ƙera ta ba mahaukaci ba ne, ai ta taɓa tashi a hannun wani."

Maƙerin ya ɗauki siririyar waya ya soka a kafar, da ƙyar ta shiga. Ya jawo ta da wani baƙin abu mai danƙo kamar kwalta. Ya shafa a tafin hannunsa ya nuna mata.

"Kin ga wannan? Mai ne. Tsohonki ne ya toshe ta."

Ta miƙe tsaye. "Kada ka ɗora wa ubana. Ba wanda ya kula da bindiga kamarsa."

"Abin da nake faɗa ke nan. Kulawar ce ta yi yawa. Yana ɗura mata man keke, man ya gangara gindi, ya haɗu da dattin albarushi ya daskare. Shekara da shekaru. Kafar da ya kamata ta ɗauki tsinken ashana ta koma ta allura. Ga wuyan ma ya karkace, bakin kasko yake sara, ba tsakiya ba."

Ta buɗe baki za ta yi musu, sai hoton ya zo mata: mahaifinta a ƙofar ɗaki kowace safiya bayan ya dawo gadi, idanunsa jajur don rashin barci, bindiga a kan cinya, 'yar kwalbar mai a hannu, yana ɗiga mata yana magana da ita ƙasa-ƙasa. Ta koma ta zauna a kan kututturen da ta tashi daga kai. Maƙerin ya juya baya ya yi kamar yana neman wani abu a cikin akwati, ya daɗe yana nema.

"Me ya sa ba ka gaya masa ba?" ta ce daga baya.

"Bai taɓa bari na kwance ta ba. Yana tsoron in lalata."

Ya gyara wuyan da 'yar guduma, yana gwadawa da guntun igiyarta har bakin ya riƙa sauka tsakiyar kasko. Wankin kuwa ta ce ita za ta yi. A gida ta tafasa ruwa a babbar tukunya, ta yi ta ɗurawa ta baki yana fita ta kafar, baƙi ƙirin da farko, sannan ruwan ƙasa, har ya fito fari yana tsartuwa kamar daga butar shayi. Ta busar da bututun a rana, ta shafa mai a waje kawai, kaɗan, da bakin tsumma.

Saje ya ga dama bayan damina ta ɗauke. Bai yi wani jawabi ba, ya dai wuce ta gaban kujerarta ya ce, "Mako mai zuwa ki zo da ita."

Ta zo. Ta soka waya a kafa. Ta ɗura, ta danna. Ta zuba mai laushi a kasko, rabi, ta rufe murfin. Ta ɗaura lagwani ta gwada saukarsa a kan murfin, ta ɗaga shi, ta busa har ya yi tsini. Sannan ta kafa gindin a kafaɗa, ta buɗe murfin, ta ja kunama.

Ƙarar ta zo tare da jan, ba jinkiri ko na ƙiftawar ido. Dutsen ramin ya amsa, tsuntsaye suka watse daga bishiyoyin sama, farin hayaƙi ya rufe ta har ba a ganin fuskarta. Ba ta sauke ba, ba ta juya ba, sai da Saje ya ce, "Sauke."

Can sama, nesa da allon, ƙura tana zubowa daga jikin dutse inda dalmar ta sara.

Mahauci ya yi gyaran murya. "Mai Katifa, allon fa yana nan ƙasa."

"Allo ya jira layinsa," in ji ta. "Ba da shi na yi alkawari ba."

Wannan karon da ita aka yi dariyar. Ta sake ɗurawa, bindiga ta tashi. Ta sake, ta tashi. Da ta koma gida kafaɗarta ta kumbura, kunnenta yana ƙugi, ta tarar da maigidanta a ƙofa, wai iska yake sha. Ya dubi baƙin da ke kumatunta na dama ya ce, "To, yanzu sai a yi mana katifa ko?" A makon ta yi masa, mai kauri biyu.

Ba ta taɓa zama gwanar saiti ba, kuma ba ta taɓa cewa ita gwana ce ba. Shekarun da ta yi tana zuwa ramin, in ta sami gefen allo sai a yi ta tafi kamar an ci gasa. Bindigar ma ba kullum ba ce: ranar da iska ta jiƙe takan yi gardama, Mai Katifa ta tsaya cak da ita a kafaɗa har a ba ta izini, ta share kasko, ta sake. Wasu masu irin bindigar daga garuruwan kusa suka ji labarin igiyarta suka fara aikowa, ta riƙa tufka musu tsakanin katifa da katifa. Yayanta bai taɓa taka ramin ba. Ta dai ji an ce yana gaya wa masu sayen kaya a shagonsa cewa bindigar gidansu ta fi ta kowa tsufa a ƙungiyar, kuma har yau tana aiki. Ta ce a gaishe shi.

Saje ya rasu, maigidanta ya bi shi bayan 'yan shekaru. Ta rufe shago da tarin ya yi tsanani. Sannan kafaɗar dama ta fara ciwo, har ta kai ba ta iya ɗaga buta sama. Babbar 'yarta ta kai ta asibiti, likita ya duba hoton ƙashi ya ce gaɓar ta cinye, kada ta sake ɗaga abu mai nauyi. 'Yar ta ji daɗin maganar fiye da yadda ya kamata. A hanya ta ce, "Mama, kin dai ji da kunnenki. Ramin nan ya ƙare."

Washegari Mai Katifa ta tafi maƙera. Maƙerin ya tsufa shi ma, amma hannunsa bai mutu ba. Ta gaya masa abin da take so: sanda mai ƙarfi da ta kai mata ƙirji, ƙasa da tsinin ƙarfe, sama da baki biyu kamar gwafa. Ya ce ai mutanen da ma haka suke yi da manyan bindigogi, su kafa sanda su ɗora bututun a kai. Ta ce to ashe ba ita ta fara tsufa ba.

Ranar Asabar 'yar ta zo kawo mata magani, ta same ta a ƙofar gida ta shirya, tana dogara sabuwar sandar, bindiga jingine a bango, tasi tana jira.

"Mama! Me likita ya ce miki?"

"Ya ce kada in ɗaga nauyi."

"To wannan fa?"

"Sanda ce za ta ɗaga. Ni ja kawai zan yi, da yatsa. Ya ce wani abu a kan yatsa?"

"Wallahi Mama kin fi ƙarfina."

"Na sani. Tunda kin zo, ɗauko mini ita ki sa a mota, ni an hana ni."

'Yar ta tsaya tana huci, ta dubi direban, ta dubi uwar. Sannan ta sunkuya ta ɗauka, tana mita cewa ita fa kai ta kawai za ta yi ta dawo, tana da wanki. Ba ta dawo ba. A ramin ta tsaya riƙe da jakar maganin a ƙirji, tana kallon uwarta tana kafa tsinin sandar a ƙasa, mahauci da ya tsufa ya rage ƙiba yana ɗora mata bututun a kan gwafar. Mai Katifa ta busa lagwani, ta waiwayo ta ga inda 'yar take tsaye.

"Koma hagu," ta ce. "Ta dama take tofi. Kuma ki toshe kunnenki, ba wasa take yi ba."